Ƙyallen da Ban Miƙa wa Malam Ba

Da sunan Allah, wanda Ya saukar da cuta Ya kuma ajiye maganinta a inda Ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu.

A watan nan kaɗai samari uku suka zo mini da magana ɗaya. Kowanne zai durƙusa ya gaishe ni da ladabi, sannan ya ce haɗin tsakuwar ƙoda yake so in ba shi. Ɗaya har ya riga ya sayi kwalabe da lasifika, mota kawai yake nema. Na ce musu ba ni da wani haɗi da ke narkar da dutse a cikin mutum, ban kuma taɓa ganin mai shi ba. Suka yi murmushi irin na wanda ya gane tsoho rowa yake yi. To, tunda ba ku da lokacin zama a tabarma ku saurara, ga shi a rubuce. Sunana Haruna, shekara arba'in da ɗoriya ina aikin magani a cikin birnin Zariya, kuma raina a ɓace yake da ku.

Wurin kawuna Sambo na koyi aikin, a zaurensa ta wajen Ƙofar Kuyambana. Na zo masa da aurena da 'yata ɗaya, duk da haka shekara biyu bai bar ni na taɓa majinyaci ba. Aikina zuwa gindin dutsen Kufena tonon saiwa, da shanya, da daka, da wankin tukwane. In an kawo mara lafiya sai ya ce in zauna in buɗe ido in rufe baki.

Mai tsakuwa na farko da na gani wani mahauci ne, Tanimu, ƙato wanda ke saɓa cinyar sa shi kaɗai. Da hantsi abokan sana'arsa suka kawo shi. Ya kwanta, ya tashi, ya durƙusa, ya kama ginshiƙin zaure, ya koma ya kwanta, gumi kamar an watsa masa ruwa. Ni duk na ruɗe, na miƙa hannu wajen jakar magani. Kawu ya buge hannun ba tare da ya dube ni ba. Ya tsuguna gaban Tanimu ya shiga tambaya, a hankali kamar mai cinikin goro. Daga ina ciwon ya faro, ina ya nufa? Yaushe rabonka da fitsari, wane launi ne, akwai jini? In ka sha ruwa yana zama ko dawowa yake yi? Ya sa bayan hannu a wuyansa ya ji ko da zazzaɓi. Sannan ya dunƙule hannu ya ɗan bubbuga kwiɓinsa na dama ta baya, Tanimu ya zabura ya ambaci uwarsa.

Bayan nan ne aka fara aiki. Kayan aikin ba su da yawa, shi ya sa kuke raina su. Tawul biyu ne da tukunyar ruwan zafi, ana gasa kwiɓin da ɗaya, ɗayan na jiƙe yana jira. Akwai moɗa, ana ba shi ruwa kurɓi-kurɓi, ba a ɗura masa, don wanda ake ɗura wa amai zai yi. Akwai ƙwayar rage zafi ta kemis, wadda wani tsohon nas mutumin Wusasa, aminin Kawu, ya koya masa ƙa'idarta: bayan an ci abinci, gwargwadon da aka rubuta, kwana kaɗan, ba a ba mai gyambon ciki. Muna kuma dafa gemun masara da lemun tsami mu ba shi a gora ya tafi da shi gida. Da na tambayi Kawu sirrin wannan dahuwar sai ya yi dariya, ya ce mutanenmu ba sa yarda ruwa magani ne sai an ba shi launi. Ga haɗin da kuke ta sintiri a kansa, na ba ku kyauta.

Na ƙarshe shi ne ƙyallen farin alawayyo, faɗin tafin hannu biyu, da kwalbar turare da aka wanke. Kawu ya damƙa wa Tanimu ƙyallen a hannunsa, ya ce duk fitsarin da zai yi, dare da rana, ya ɗaura ƙyallen a bakin gwangwani ya tace shi. Abokansa suka fashe da dariya, ɗaya ya ce ai shi ke nan Tanimu ya koma mai koko. Kawu ya bari suka gama, sannan ya ce musu abu uku ne in sun gani kada su sake su dawo zaurensa, asibiti za su wuce kai tsaye: zazzaɓi, ko aman da ba ya barin ruwa a ciki, ko fitsari ya tsaya. In kuma mako biyu suka wuce ba a ga komai a ƙyalle ba, nan ma asibiti. Rana ta biyar Tanimu ya dawo yana washe baki, da wata 'yar aba a kwalba, ba ta kai ƙwayar dawa ba, mai kaifi-kaifi kamar ƙarangiya. Sai a ranar Kawu ya ɗauko kundinsa ya rubuta a gaban sunansa cewa ya warke.

Dalilin ƙyallen nan shi ne abin da masu lasifika ba su sani ba, ba sa kuma so su sani. Hanyar da ta taso daga ƙoda zuwa mafitsara ba ta kai kaurin alƙalamin kara ba. In tsakuwa ta maƙale a ciki, ƙoda na turowa ita tana tarewa, wannan shi ne azabar. Ciwon yakan lafa in tsakuwar ta wuce. Yakan kuma lafa in ƙodar ta gaji ta daina turowa, tsakuwar tana nan inda take. Daga waje duka biyun kamarsu ɗaya, mutum zai ci tuwo ya tafi kasuwa. Wanda bai ga tsakuwar da ido ba, ko hoton asibiti bai nuna masa hanya ta buɗe ba, bai san wanne ya samu ba.

Masu zuwa mini iri ɗaya ne tun zamanin Kawu. Masu ɗinkin babbar riga da ke wuni a duƙe, suna ƙin shan ruwa don kada su riƙa tashi. Direbobin doguwar hanya. Masu gidan burodi da maƙera, da wuta ke tsotse su. Mata kuwa sai abin ya kai maƙura ake ji, don sun ɗauka ciwon mara ne na al'ada. Waɗannan bayin Allah su ne kuke tarewa ranar Juma'a a bakin masallaci, kuna ihu a lasifika wai kwana uku dutse ya zama gari. Na taɓa ɗanɗana abin da ke cikin irin kwalbar nan. Kanwa na ji, da ɗacin ƙwayar kemis da aka niƙa. Ciwo zai yi shiru, mai kwalba ya tafi wani gari, ba ya nan ranar da za a zo da mutumin a kwance.

Shekarar da ta fi kowace muni a aikina ita ce wadda azumi ya faɗo tsakiyar bazara, ba da daɗewa sosai ba. Kawu ya jima da rasuwa. Bayan ƙaramar salla masu tsakuwa suka yi ta zuwa har alawayyona ya ƙare na sayo wani. A cikinsu har da malamina.

Malam Ɗalhatu yana karantarwa a zaurensa a unguwar Limancin Kona. Shekara ashirin ina ɗaukar karatun fiƙihu a gabansa, kuma ko da na yi furfura ban taɓa zama kan tabarma ɗaya da shi ba. An san shi da abu guda: alwalar asuba ita ke kai shi azahar, ta azahar ta kai shi isha'i. Ɗalibansa, manyan mutane masu iyali, suna ba da labarin nan kamar karama, wasu suna kwaikwayo. Ni na san yadda ake yin ta. Ba ya shan ruwa ne, sai ɗan kurɓi da safe da shayi rabin kofi da daddare. Na san inda wannan ke kai mutum, ban taɓa cewa uffan ba.

Wata safiya babban ɗansa Bashir, ma'aikacin ofis, ya zo a babur ya ɗauke ni. Na tarar da Malam a turakarsa yana kai da komowa, hannu a kwiɓin hagu, bakinsa na motsi da salati. Na gasa masa, na ba shi ƙwaya, na ba shi ruwa a moɗa. Na taɓa wuyansa, babu zazzaɓi. Da na zo tambayar fitsari sai na kewaye maganar. Na ce, ana dai zagayawa lafiya ko? Ya ce lafiya. Na karɓi wannan a matsayin amsa, abin da ban taɓa karɓa daga bakin wani ba.

Ƙyallen yana aljihuna. Tsawon aikina ban taɓa ba da shi ta hannun wani ba, ko ga mata ta bayan labule nake miƙawa in yi bayani da bakina. Ranar nan na kasa duban mutumin da nake cire takalmi tun daga ƙofar zaurensa in ce masa ya tace fitsarinsa. Na fito waje na ba Bashir, na yi masa bayani tiryan-tiryan, har da maganar mako biyu. Ban tsaya na tuna cewa Bashir ɗan fari ne ba, wanda mahaifinsa ko sunansa ba ya kira. Daga baya na ji yadda aka yi. Bashir ya kai wa mahaifiyarsa Hajiya, ya faɗa mata rabin maganar yana kallon ƙasa. Hajiya ta ajiye ƙyallen kusa da butar Malam, ta ce in ji Haruna. Malam ya gane abin da ake nufi, ya ce shi ba zai riƙa damun najasa da hannunsa ba, ya ture shi gefe. Mutum uku muka haɗu, kowa ya cika ladabi, saƙon ya mutu a hanya.

Rana ta uku ciwon ya motsa. Maimakon a kira ni, ɗalibai suka ɗauko wani matashi mai kemis a bakin layi, Nura, wanda suke kira Dokta. Ko ƙofar makarantar likita bai taɓa gani ba, farar riga kawai ya ɗinka. Ya yi wa Malam allura safe da yamma kwana biyar, ya haɗa masa da kwalba biyu ta masu tallar magani a mota. Ciwo ya ɗauke ɗif. Malam ya koma kan buzunsa.

Na je gaisuwa, zaure cike. Na ce ya jiki, ya ce alhamdu lillahi, sauƙi ya samu. Kun san mutanenmu, ko ana gobe za a binne mutum haka zai ce. Na so in tambaya ko an ga tsakuwar, na dubi mutum talatin da littattafai buɗe a gabansu, na haɗiye. A waje na tare Bashir, ya sosa ƙeya ya ce yana jin dai ta fita. Na koma gida na buɗe kundi, na tsoma alƙalami a tawada, na riƙe shi har tawadar ta bushe. Gaban sunan Malam na bar shi fari. Wato na sani. Mako biyu suka cika, suka wuce, ban taka na je na ce a kai shi hoto ba. Shi kuwa Nura yana zaune a benci yana gaya wa duk mai wucewa cewa abin da ya gagari tsofaffi ya gama da shi da sirinji ɗaya. Ɗalibai suka riƙa sayen kwalaben nan suna ajiyewa a gida.

Kwana arba'in aka yi a haka. Wata Juma'a ban ga Malam a sahun da ya saba tsayawa ba, na tambaya aka ce zazzaɓin sauro ne, kwana huɗu ke nan, Dokta na kula da shi. Ko gida ban koma ba. Na same shi ƙudundune a bargo biyu da tsakar rana, haƙora na kaɗawa, leɓe a bushe. Bashir na tsaye, ɗalibai biyu na zaune bakin ƙofa. Ban ce kowa ya fita ba. Na durƙusa daf da kansa.

"Allah gafarta Malam, tsakuwar nan ka gan ta da idonka?"

Ya buɗe ido ya dube ni. "Haruna, wannan wace irin tambaya ce a gaban mutane?"

"Irin wadda ya kamata in yi tun ranar farko. Ka tace fitsarin?"

Bashir ya juya baya. Malam ya ce bai tace ba. Na tambayi launinsa, ya ce ya yi kauri, yana wari. Na ɗaga bargon na ɗan taɓa kwiɓin hagu, ban ma bubbuga ba, ya saki ƙara. Ban taɓa jin muryarsa ta yi sama ba sai ranar.

Daidai nan Nura ya yi sallama da jakarsa, ya zo allurar yamma. Ya ce in ɗan matsa, lokacin magani ya yi. Na tambaye shi kafin ya fara tsira wa bawan Allahn nan allura me ya tambaye shi. Ya ce ai ciwo ba ya bukatar surutu, kuma kowa shaida ne Malam ya samu sauƙi a hannunsa. Na tambaye shi ƙoda nawa mutum yake da ita, a ina kuma suke, ya nuna mini cibiya. Na karɓe jakar na ajiye masa a waje, na ce in ya sake taka gidan nan da sirinji ni da shi sai gaban mai unguwa. Ɗaya daga cikin ɗaliban ya ce in yi haƙuri, yaron da niyyar alheri ya zo. Na ce masa ni ma da niyyar alheri na yi shiru, ga inda ta kai mu, ya tashi ya nemo mota.

A asibiti wata likita ce ta karɓe mu, yarinya ƙarama, sa'ar jikarsa. Ta ja kujera ta zauna gabansa, ta ce Baba sau nawa kake fitsari a rana, yana zafi, akwai jini, yaushe ka fara ganin ya canza. Malam ya amsa duka, ɗaya bayan ɗaya, ba gardama. Ina tsaye ina ji, rufin ɗakin bai faɗo a kan kowa ba. Aka ɗauki hoto. Tsakuwar tana nan inda ta tsaya tun farko, ƙodar ta kumbura ta cika da mugunya, cutar ta fara shiga jini. Suka sa masa ƙarin ruwa, suka huda ta baya suka zuƙe mugunyar, suka ce a yi addu'a ya wuce kwana uku. Likitar ta fito ta tambayi tun yaushe aka san da tsakuwar. Da ta ji, ta ajiye biro ta ce da a makonnin farko aka zo, da ƙila aikin rana ɗaya ne ya tafi gida da ƙodarsa. Ta ce wa ya fara duba shi? Ɗalibai suka haɗa baki suna kiran sunan Nura. Na ce ni ne.

Allah Ya sa ya wuce kwana ukun. Aka jira ko ƙodar za ta farfaɗo, aka sake gwaji, aka ce ta riga ta mutu, barinta ma haɗari ne. Suka yi masa tiyata suka cire ta. Mutumin da ya shekara saba'in da ƙoda biyu lafiyayyu, aba mai girman ƙwayar wake ta raba shi da ɗaya, a garin da ake zuwa asibiti da kuɗin babur. Nura bai san komai ba, wannan laifinsa ne, zai amsa shi gaban Allah tare da masu kwalabe. Ni kuwa na sani. Ku da kuke ganin aikin nan jiƙo ne da kwalba, wa zai tsaya ya yi wa mutum tambayar da ba ya so? Wa zai koma gidansa rana ta goma sha huɗu, bayan ya ce ya warke, ya ce masa tashi mu tafi? Ni da na yi shekara arba'in ina yi, sau ɗaya na kasa, ga abin da hakan ya jawo.

Kwana biyu bayan tiyatar na shiga wurinsa da rana, na same shi shi kaɗai, Bashir ya fita salla. Ya rame ƙwarai. An sa masa robar fitsari, jakarta na rataye a gefen gado. Na zauna a ƙasa, ya ce in hau kujera, na ƙi, ya ce umarni ne.

"Haruna, ka san ba ta fita ba?"

"Na yi zato, Malam."

"Kwana nawa kana zaton?"

Na faɗa masa. Ya rufe ido har na ɗauka barci ya kwashe shi.

"Ni na karantar da kai babin tsarki," ya ce. "Wace kalma ce ban kira da sunanta a gabanka ba?"

Ya ƙara da cewa shi ma nasa laifin yana kansa, an ajiye masa ƙyalle ya ture. Sannan ya motsa yatsa wajen gefen gadon, ya ce likita ta ce a riƙa lura da launin, shi kuwa wuyansa ba ya juyuwa, yaron nasa kuma in ya shigo silin yake kallo.

Na tashi na kwance jakar daga ƙugiya, na ɗaga ta wajen taga. Da ɗuminta a hannuna.

"Akwai sauran ja kaɗan," na ce, "amma ya fara washewa. Bai kai yawan da nake so ba."

"To zuba mini ruwa," in ji Malam.